Sista Ta Zauna a Layin Gaba

Jama'a, ku bari in sauke numfashi tukuna. Kwana biyar ke nan ina tsakurar abinci ina ture kwano. Masu turo min saƙo kuna tambayar shirun da na yi, lafiyata ƙalau yanzu. Amma da kun gan ni ranar Litinin, da kun tausaya min.

Ga wanda yau ya fara karanta ni: malamar firamare ce ni, ina koyar da 'yan aji uku, kuma ni ce auta a gidanmu. Garinmu ƙarami ne, titin kwalta ɗaya, asibiti ɗaya, sai laburare mai ɗaki biyu da ke jingine da katangar sakandare. Shekara uku ke nan Malamin laburaren ya ƙirƙiro taron marubuta na kwana uku. A shekarar farko mutum goma sha ɗaya suka je, huɗu daga ciki inuwa suka bi. Yanzu kuwa har daga ƙauyuka ake cika mota a zo, kowa na son ya ji maƙwabcinsa ya riƙe lasifika.

Wata biyar da suka wuce Malam ya matsa min sai na ba shi labari. Na zaro wani tsohon rubutu daga ƙasan akwati, na miƙa masa, na manta. A lokacin Likita bai dawo garin ba, balle ya fara ajiye farar motarsa a ƙofar gidanmu. Likitan dabbobi ne, dogo, mai sanyin magana, in ya yi dariya sai ya sunkuyar da kai kamar ya yi laifi. Wata uku muna tare, kuma Asabar ta sama manyansa za su zo wajen Baba.

To ga inda matsalar take. Labarin nan a kan mahaifiyarsa na rubuta shi.

Duk garin Sista muke ce mata. Shekara talatin da ɗaya ta yi a asibitinmu kafin ta yi ritaya bara, babu cinyar da allurarta ba ta sani ba. Da sunanta ake tsorata yara su yi wanka. Kuma tana da kalma guda da take tarbar kowa da ita. Ko yanzu wuƙa ta yanke ka, ka ruga da jini yana zuba, za ta sauke tabarau ta dube ka ta ce, "Sai yanzu?"

Ni kuma da wayona, sunan da na sa wa labarin ke nan. Sai Yanzu?

Ranar Litinin na dawo daga makaranta, ko jaka ban ajiye ba na ga takalman Gwaggo, yayar Baba, a ƙofar falo. Gwaggo kuwa ba ta zuwa da rana tsaka sai da dalili. Na same su ita da Umma sun sa wata takarda a tsakiya, an yage ta daga bango, har da guntun fenti a bayanta. Jadawalin taro ne. Ga sunana nan ɓaro-ɓaro, Asabar ƙarfe huɗu, ga sunan labarin a gefe.

"Auta, zo ki zauna," in ji Umma, da irin muryar da take yi in ta gama yanke hukunci. "Wace ce wannan Sai Yanzu ɗin?"

"Umma, labari ne kawai. Ban ambaci sunan kowa ba."

Gwaggo ta tafa hannu. "Ba ki ambaci suna ba! Ke, a shagon tela na ga wannan takarda, mata shida suna tsaye suna dariya. Ɗaya har tana ce min, Gwaggo, ashe 'yarku tun kafin ta shiga gidan ta fara aski? Ni na san inda na sa fuskata?"

"Ɗauko min shi," Umma ta ce.

Na ɗauko kwafin da ke cikin durowa. Shafi huɗu ne. Umma ta sa tabarau ta karanta na farko, ta shiga na biyu. Na ga gefen bakinta yana rawa, wallahi dariya ce take son kuɓuce mata, amma ta danne. Da ta zo inda na kwatanta tafiyar Sista da ta agwagwar da aka ɓata wa rai, sai ta kife takardun a cinya.

"Innalillahi. Yarinyar nan kin kashe mu."

"Umma, ki ƙarasa mana, ƙarshen ba haka yake ba."

"In ƙarasa me? Akwai abin da ya fi agwagwa a gaba? Ki je ki ce wa Malam kin janye. Yau. Yaron kirki ya fito, bai da abin faɗa, ke kuma za ki hau dandamali ki yi wa uwarsa tsirara a gaban gari?"

Na shige ɗaki na faɗa kan gado da takalmi a ƙafa. Fanka tana juyawa tana ƙara, ni ina kallon labulen da Umma ta sake saboda zuwan baƙi. Can na jawo waya na rubuta wa Likita, na goge, na sake rubutawa.

"Ka ga jadawalin taro?"

Nan take ya amsa. "Na gani. Wani mai shanu ne ma ya nuna min yana ƙyaƙyata dariya. Da gaske Mama ce?"

"Da gaske. Tun kafin in san ka na rubuta. Ka yi haƙuri."

"Turo min in gani."

Na ɗauki hoton shafukan huɗu na tura. Alamar ya buɗe ta fito. Na jira. Minti goma, awa ɗaya, magariba. Shiru. Talata ta zo ta wuce, ko gaisuwar safe da bai taɓa fashi ba, babu. Ina gaban allo ina koyar da jam'in suna, hankalina yana cikin jaka. Duk motsin waya sai in zabura, in duba in ga kamfanin layi ne ke tallar garaɓasa.

Bari in faɗa muku abin da ke shafi na huɗu, wanda Umma ta ƙi karantawa, don shi ne ainihin abin da ya hana ni sukuni. Ina 'yar shekara goma Umma ta kai ni allura. Muna kan benci wata mata ta shigo a guje da yaro a kafaɗa, kansa yana lilo. Sista ta daka mata tsawar da ta saba, ta fizge yaron ta yi ciki da gudu. Kusan awa guda ana fama. Yaron bai yi rai ba. Ni kuma ƙishi ya kai ni bayan asibiti neman famfo, sai na ga Sista a tsugune jikin tankin ruwa, ta cire hularta, ta cusa hannu a baki tana kuka kamar ranta zai fita. Da ta gama ta wanke fuska, ta mayar da tabarau, ta koma ciki. Ina jiyo ta tana cewa, "Wa ke biye? Ko kwana za ku yi a nan?" Ban taɓa faɗa wa kowa ba, ko Umma. Takarda kawai na faɗa wa.

Kun ga ke nan ba tsokana kaɗai ba ce. Sirrinta ne zan buɗe.

Ranar Laraba na je laburare. Na tarar da Malam a tsakar kwalaye, gumi ya jiƙa masa riga, yana rarraba littattafan da za a baje. Na ce na zo janyewa. Ya zauna a kan kwali ya dube ni.

"Labarinki ne, in kin ce a cire yanzu zan ja layi a kai. Amma Malama, gari ya riga ya ga sunan. In ba ki karanta ba, kowa zai rubuta nasa a ka, kuma na rantse miki nasu zai fi naki muni."

Na dawo gida ban ce e ba, ban ce a'a ba. Baba yana tsakar gida yana gyaran rediyonsa da ba ta taɓa gyaruwa ba. Bai cika magana ba, duk hayaniyar nan ko tari bai yi ba. Ina wucewa ya ce, ba tare da ya ɗago ba, "Auta, ƙarya kika yi mata a ciki?"

"A'a, Baba."

"To," ya ce, ya ci gaba da murza sukurudireba. Iyakar abin da na samu ke nan daga wajensa.

Da yammar ranar saƙon Likita ya shigo. Nan take na buɗe.

"Ki yafe min shirun. Na karanta ya fi sau goma. A gidan nan na girma ban taɓa ganin hawayenta ba, ko ranar da mahaifina ya rasu. Ban san me zan ce miki ba ne."

"In janye?"

Ya daɗe yana rubutu yana tsayawa.

"Ba zan ce ki karanta ba, ba zan ce ki bari ba. Amma in za ki karanta, ki karanta duka. Kar ki tsaya a wajen dariyar."

"Ta sani?"

"Ta ga jadawalin. Cewa kawai ta yi in wanke mota ranar Asabar."

Jama'a, me wannan yake nufi? Na juya maganar nan ta kowace fuska ban gane ba. Ranar Alhamis na yi niyyar in je in same ta da kaina in nemi izini, wanda shi ne abin da mai hankali zai yi tun farko. Na je har ƙofar gidan, koren get mai bishiyar lemo a gefe. Na ɗaga hannu zan ƙwanƙwasa, na jiyo muryarta daga ciki tana yi wa wani faɗa a kan tiyo, sai ƙafafuna suka juya da kansu. Ba zan ɓoye muku ba, gudu na yi.

Yau Asabar na saka doguwar riga ruwan toka marar ado, da farin mayafi, wai don in yi kama da mai ladabi. Umma ta ce ba za ta je ba. Gwaggo ta ce ita ma ƙafarta ba za ta taka wajen ba. Ina fitowa daga ɗaki na same su duk sun shirya, har da turare.

"In za a yi abin kunyar, gara a yi a gabanmu," in ji Gwaggo.

Filin sakandare ya cika maƙil. Rumfuna huɗu, kujerun roba, waɗanda suka makara sun taho da bencinan gida. A gefe an jera tebura da littattafai, an danne su da duwatsu saboda iska. 'Yan mata 'yan makaranta suna zagawa da ruwa. Wani manomi ya karanta waƙar da ya yi wa rijiyar gonarsa, baiti arba'in, sai da Malam ya je ya tsaya kusa da shi yana duba agogo. Tela ya karanta labarin wandon da ya ɗinka wa ango ƙafa ɗaya ta fi ɗaya, angon kuwa yana zaune a wajen, ya miƙe yana ɗaga hannu ana tafi. Wani direba ya manta gilashinsa a gida, matarsa ta hau ta karanta masa, tana yi tana gyara masa zance. Da wata rana ce da na sha dariya. Yau kuwa agogo kawai nake ta dubawa.

Huɗu saura kwata farar motar ta tsaya. Likita ya zagayo ya buɗe ƙofa. Sista ta fito da shuɗiyar riga mai guga kamar za ta kama aiki, jaka a hammata, tabarau a karan hanci. Filin ya yi tsit, sai raɗa. Ba ta dubi kowa ba. Ta taka har layin gaba, wani dattijo ya tashi da sauri ya ba ta kujera, ta zauna daidai saitin lasifika, ta harɗe hannu.

Aka kira sunana.

Ban san yadda na hau matakala ukun nan ba. Lasifika ta yi ƙara, na ja baya, na fara. Layin farko muryata kamar ta sauro. Da na zo inda mai ciwo ya shigo Sista ta sauke tabarau, ban kai ga faɗar kalmar ba, filin gaba ɗaya ya amsa min da baki ɗaya, "Sai yanzu?" Dariya ta ɓarke har da masu buga kujera. Na saci kallonta. Ko gira ba ta motsa ba.

Na karanta wajen agwagwa. Na karanta ranar da ta jefi wani magidanci da takalmi don ya shigo ɗakin masu jego da sigari. Wata mata a baya tana ihu, "Mijina ne, wallahi mijina ne!" Na hango Umma ta ja mayafi ta rufe rabin fuska.

Sai na juya shafi na huɗu. A nan ne zuciyata ta ce, ke, tsaya haka, an yi dariya, ki ce kin gama. Na ɗago na ga Likita tsaye can jikin sandar rumfa. Bai yi min alamar komai ba, kallona kawai yake. Na ci gaba.

Dariyar ta janye a hankali. Da na kai wajen tankin ruwa, har kukan tsuntsayen bishiyar makaranta ana ji. Na karanta layin ƙarshe, na naɗe takarda, na tsaya. Babu wanda ya tafa. Na ce a raina shi ke nan, Auta, kin rasa miji kin rasa gari.

Sista ta ɗaga yatsa ɗaya. Malam ya zare lasifika ya kai mata da sauri har yana tuntuɓe da waya. Ba ta tashi ba.

"Yarinya, gyara biyu gare ni." Muryar nan dai da muka sani. "Na ɗaya, ban taɓa jifan kowa da takalmi ba. Kwanon auduga ne. Takalmina ya fi ƙarfin kansa."

Wasu suka yi dariya a tsorace.

"Na biyu, kin rubuta wai ban gan ki ba. Na gan ki. Silifa wari da wari a ƙafarki, hanci yana yoyo." Ta cire tabarau ta goge da bakin mayafi, ta daɗe tana gogewa. "Washegari na zo aiki ina jira in ji gari ya ɗauka. Shiru. Mako, wata, shekara. Shekara goma sha biyar ban ji a bakin kowa ba. Na ce lallai 'yar nan tana da zurfin ciki. Ashe jira take a ba ta lasifika."

Wayyo jama'a! Filin ya tarwatse. Tafi, dariya, wasu mata suna share hawaye suna dariyar. Ni kuwa na dafa tebur.

"Sauko ki zauna kafin ki faɗi a ce in duba ki, na yi ritaya," ta ce. "Kin iya. Agwagwar ce dai ban yafe ba."

Da aka tashi, mutane suka yi mata caa. Mutanen da shekara da shekaru in sun hango ta suke sauya hanya, yau su ne ke layin gaisuwa. Tela ya durƙusa yana cewa, "Sista, ki yafe mana, mun ci namanki da yawa a shago." Ta ce, "Na sani. Ku matsa, kun tare min iska." Amma na lura ba ta janye hannunta daga na kowa ba.

Gwaggo ta ratso taro ta rungume ni tana faɗa da ƙarfi don kowa ya ji, "Ai dama ni na ce a bar yarinya ta karanta abinta!" Umma ta dube ta, ta dube ni. Ta gyara min mayafin da ya zame, ta ce a hankali, "Ashe abin da kika gani ke nan ranar, kika dawo kika ƙi shan ruwan." Idonta ya yi ja. Na ji wani nauyi ya sauka daga ƙirjina, har yunwar kwana biyar ta taso min gaba ɗaya. A tsaye na cinye biskit ɗin da aka ajiye wa manyan baƙi, Malam yana kallo bai hana ni ba.

Likita ya zo wucewa da kujeru biyu a hannu, wai yana taya kwashewa. Ya rage tafiya daidai inda nake, bai dube ni ba saboda su Umma, ya ce ƙasa-ƙasa, "Sannu, marubuciya." Ya sunkuyar da kai ya wuce. Ni dai na san murmushin da na yi ya fi ƙarfin mai ladabi.

Muna shirin tafiya na ga Sista a kujerar gaban mota, ta sauke gilashi tana yafito ni. Likita yana can wajen rumfa. Na je na rusuna.

"Mama, ki yi haƙuri, ya kamata in fara zuwa..."

"Kin zo ai, ranar Alhamis. Ta taga na ga gudunki." Ta kamo hannuna. Tafinta da sanyi, riƙon kuma da ƙarfi. Ta rage murya yadda ban taɓa jin ta yi ba. "Gobe da hantsi ki zo gida. Ke kaɗai. Ban da uwarki, kuma kar ki faɗa wa wancan dogon. Tunda kin iya riƙe magana, akwai wadda ya kamata ki ji kafin mutanenmu su je gidanku."

Ta sake ni, ta ɗaga gilashi.

Har muka iso gida ina jin daɗina, na ce ƙila nasiha ce irin ta manya. Na ci abinci faranti biyu, Baba yana kallona ta saman rediyo yana murmushi. Na shiga ɗaki na fito da rigar da zan saka gobe, na jona dutsen guga. Sai wayata ta yi ƙara a kan gado. Likita ne.

"Na ga Mama ta kira ki wajen mota."

Kafin in amsa wani saƙon ya shigo.

"In ta ce ki zo gida, don Allah kar ki je sai mun haɗu. Akwai abin da nake so ki fara ji daga bakina."

Na karanta sau uku. Uwa da ɗa kowa na so ya riga faɗa min wata magana, ni kuwa ban san mece ce ba. Ga shi nan a saman allon wayar, yana rubutu, yana gogewa, yana sake rubutu. Ni kuma ina tsaye da dutsen guga a hannu, har na fara jin ƙaurin rigar.